Silimar da Ya'u Ya Shafe a Bango

Idan kana neman wanda ya san komai a Ƙofar Jatau, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Tsaya kawai a bakin masallacin unguwa bayan la'asar, zai zo da ƙafarsa ya faɗa maka. Sunansa Ya'u, ɗa na uku a gidan marigayi Malam Ja'afaru, sana'arsa dillancin tumaki da awaki. Amma ka kuskura ka ce masa dillali, ka ga ɓacin rai. Injiniya yake so a ce. Ya samo sunan ne ranar da lasifikar masallaci ta ɗauke ana tsakiyar kiran salla, ya kai mata mari, ta dawo. Mu da muke wurin mun ga lokacin da ladan ya ɗage ƙafarsa daga kan wayar da ya taka, amma wa yake da ƙarfin musu da Ya'u? Ni maƙwabcinsu ne, tun muna yara nake shan wannan baki.

A bazarar da ta wuce wani tsohon ɗalibin Malam, Abdulwahab, ya zo daga Legas gaishe da Iya, mahaifiyar su Ya'u. Ya taho da filash mai ɗauke da bidiyon walimar saukar da Malam ya yi wa ɗalibansa, wata biyu kafin rasuwarsa. Shekara tara ke nan, kuma babu wani hoton Malam mai motsi sai wannan. Abdulwahab ya kunna mata a wayarsa. Iya ta kanga wayar a hancinta, ta matsar, ta sake kangawa. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta ganin komai sai wani farin ɗigo yana rawa.

"Kashe, ɗan nan," in ji ta. "Ba zan ji muryarsa ban ga fuskarsa ba. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Abdulwahab ya bar filash ɗin ya koma. Radiya, ƙanwar Ya'u, malamar makaranta ce, kuma a gidan ita Allah Ya ba wa hankalin da aka raba. Ta ce abin mai sauƙi ne. Ranar Asabar ta sama akwai taron zumunci, sai a aro talabijin ɗin Hajiya Sailuba da ke maƙwabtaka, a soka filash, Iya ta matso kusa ta gani.

Ya'u ya miƙe tsaye har hularsa na faɗuwa.

"Talabijin ɗin aro? Malam Ja'afaru guda, a talabijin ɗin aro, ina raye? Silima zan haɗa a gidan nan. Kwamfuta zan gina da hannuna, in sa majigi, Iya ta ga fuskar Malam ta cika bango."

"Yaya, ka taɓa haɗa kwamfuta?"

"Lasifikar masallaci wa ya gyara?"

Ya zare filash ɗin daga hannunta ya jefa a aljihu. Iya dai ba ta ce komai ba sai, "Allah Ya sa in gan shi kafin idon ya ƙarasa rufewa."

Da ɗan abin da 'yan'uwa suka harhaɗa masa, na goya shi a babur muka nufi Sabon Gari, shagon Zaharaddeen mai sayar da kayan kwamfuta sababbi da na hannu. Mutum ne mai haƙuri, ya ji bayani ya gyaɗa kai.

"To Malam Ya'u..."

"Injiniya."

"To Injiniya. Na'urar kallo a ɗaki abu uku take so. Ta zama ƙarama, ta yi shiru, kada ta yi zafi. Bidiyo za ku kalla, ba jirgi za ku tuƙa ba. Abin da ke hannunka zai isa, har ka yi rara."

Ya ɗauko wani ɗan akwati mai kyau ya ajiye. Ya'u ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya taɓe baki. A nan na gane mun shiga uku, domin irin ɗagawar da yake wa rago ce a kasuwa, ya ji ko akwai nama.

"Wannan bai ci ya ƙoshi ba," in ji shi. "Kawo mai jiki."

"Ba a sayen kwamfuta da nauyi, Injiniya."

"Komai na duniya da nauyi ake saye. Kai dai ba ka san kaya ba."

Idonsa ya faɗa kan wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, wanda Zaharaddeen yake ɗora ƙafa a kai. Ya jawo shi da nishi, ya shafa gefensa, ya bubbuga cinyarsa, ya ce wannan shi ne kaya. Da aka zo ma'ajiyar da ake zuba bidiyo, Zaharaddeen ya miƙo wata 'yar sirit mai sauri, ba ta ƙara ko kaɗan. Ya'u ya ce biskit bai zo saye ba, ya zaɓi wata tsohuwa mai nauyin dutsen guga. Fanka kuwa, sai da ya buɗe bakin kowace ya ƙirga fukafukanta ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duba haƙoran tunkiya.

"Waccan fa ta babbar na'urar ofis ce," in ji Zaharaddeen. "Idan ta tashi, ba za ka ji kiran salla ba."

"Alamar lafiya ke nan. Dabbar da ba ta kuka ciwo gare ta."

Rigima ta kai maƙura a kan furosesa, ɗan guntun nan da yake ƙwaƙwalwar na'ura. Wanda Ya'u ya zaɓa ya ƙi zama a gurbinsa. Zaharaddeen ya ce ba gidansu ɗaya ba, ba zai shiga ba. Ya'u ya ce shi da ya sha ɗaure raguna uku a bayan babur ba za a gaya masa abin da ba ya shiga ba. Ya ɗora babban yatsa zai danna. Zaharaddeen ya yi tsalle ya ƙwace, ya sauya masa da wanda ya dace, ya dasa da hannunsa. Ya haɗa mana da wani tsohon majigi da lasifika guda, ya raka mu har bakin titi.

"Alfarma ɗaya nake nema," in ji shi. "In an tambaye ka, kada ka ce a shagona ka saya."

Ya'u ya ce min a hanya, "Ka ji? Tsoro yake kada a san na fi shi."

Kwana uku ya kulle kansa a tsohon ɗakin karatun Malam, wani soron ƙasa mai duhu da sanyi. Da ya gama, kusoshi goma sha ɗaya suka yi saura. Ya ce almubazzarancin kamfani ne, ya zuba su a aljihu. Aka tayar da janareta, ya yi bisimilla, ya danna.

Na'ura ta tashi, ban hana shi wannan ba. Amma ƙarar da ta yi, tantabarun da ke kan soro sai da suka watse. Ba a yi minti goma ba wata mata ta yi sallama da bokitin jiƙaƙƙen wake a ka, tana tambaya ko nan ne aka kafa sabon injin markaɗe. Kafin a sallame ta wata ta iso da tattasai.

Radiya ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe kunne, tana ɗaga murya. "Yaya, Malam za mu saurara ko wannan? Ka mayar wa mutumin nan fankarsa!"

"Me kika ce?"

"Na ce ka mayar!"

"Na gode!" in ji Ya'u.

Mayarwa kam ba ta cikin lissafinsa, ya je ya ce wa Zaharaddeen me? Ya zauna yana zazzare ido a ɗaki, sai ya hango alkuki, ramin nan na jikin bango inda Malam yake ajiye fitila da littattafai. Nan take fuskarsa ta washe. Ya aika aka kira Bahago magini, tsohon da ya yi shekara talatin yana yaɓen ƙasa a cikin ganuwa.

"Na'urar za mu sa a alkuki, ka shafe bakin da ƙasa. Ƙara ta mutu."

Bahago ya dubi na'ura, ya dubi Ya'u. "Na shafe rumbu, na shafe rijiya, ban taɓa binne rediyo ba. Abin nan ba ya shan iska?"

"Baba Bahago, ɗakin ƙasa da na siminti, wanne ya fi sanyi?"

"Na ƙasa."

"Randa da me ake yin ta?"

"Da ƙasa."

"To me ya rage? Turawa fanka suka sani don ba su da ƙasa irin tamu."

Na ce masa Zaharaddeen fa ya yi maganar zafi. Ya ce in tsaya a matsayina na mai babur.

Akwatin ya fi ƙarfin alkukin, saboda haka aka shiga ƙwaƙule bango. Bahago yana sara yana gunaguni, har ya dakata ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ya ce saura kaurin tafin hannu a leƙa ɗakin Hajiya Sailuba, domin bangon ɗaya ne da nata. Ya'u ya ce tafin hannu ai bango ne. Ya tura akwatin ciki, filash na soke a bayansa. Ya cusa lasifikar ita ma, wai sauti ya riƙa fitowa daga bango ba a san ta ina ba, irin na manyan silimu. Aka zaro wayoyi ta gefe, aka yaɓe. Sai da ƙasa ta fara shan iska Radiya ta tambaya ta ina za a danna a kunna. Ya'u ya ce da ma yana sane, ya sa Bahago ya huda ɗan rami daidai maɓallin, ya samo karan dawa ya zura. Daga ranar kuma safe da yamma yana yayyafa wa bangon ruwa da tsintsiya, don na'ura ta ji sanyi irin na randa.

Ranar Alhamis bayan azahar ya ce a yi gwaji, daga ni sai shi. Ya soka kara. Ƙarar fanka ta koma wani gurnani can ƙasa-ƙasa, hoto ya fito a farin zanin gadon da ya kafe. Muryar Malam kuwa da ƙyar muke jin ta, domin yaɓen ɓangarenmu ya yi kauri. Ashe ta ɗaya ɓangaren take fita tas.

Muna cikin kasa kunne muka ji salati a waje. Hajiya Sailuba ce a tsakiyar lungu, ba takalmi, mayafi a karkace, jama'a sun kewaye ta.

"Malam Ja'afaru! Wallahi Malam Ja'afaru ne yake wa'azi a bangona! Ina kishingiɗe na ji sallamarsa. Shekara arba'in ina jin muryar nan ta kan katanga, zan kasa gane ta?"

Na dubi Ya'u. Idan ya yi magana, sai ya faɗi wanda ya rarake mata bango. Ya koma da sauri ya kashe, ya fito yana gyara hula.

"Hajiya, zafin bazara ne. A ilimance, idan zafi ya yi yawa, kunnen manya yakan jiyo abin da ya wuce."

"Kunnen uwarka ma na manya ne, ita me ta jiyo?"

Ta kwashe shimfiɗarta ta koma rumfar tsakar gida. Washegari Juma'a ta soya waina kwano biyu ta yi sadaka, Allah Ya kai ladan kabarin Malam. Ba zan ɓoye ba, na ci guda shida, kuma ban buɗe baki ba. Ya'u ya ci tara.

Asabar ta zo da rana mai dafa ƙwai. Dangi suka cika gida, daga Ƙofar Gayan, daga Tudun Jukun, har da na Kaduna. Aka shimfiɗa tabarmi a soron, aka rufe taga da bargo. Hajiya Sailuba an gayyace ta, ta ce ita da Malam sun riga sun gaisa. Aka zaunar da Iya a kujera a gaba, ta sa farin mayafin da ba ta sawa sai da dalili. Ya'u ya sha babbar riga, ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda ya haɗa ilimin Turawa da na kakanni. Tun kafin jawabin ya riga ya kunna na'ura, wai ta ɗumama.

Ya danna maɓallin majigi, fuskar Malam ta cika zanin gado, da rawaninsa da farin gemunsa da ɗan murmushin nan nasa na gefe guda. Iya ta miƙe ba tare da sandarta ba. Ta taka ɗaya, biyu, ta ɗaga hannu.

"Malam," in ji ta a hankali. "Ga shi nan. Wallahi ina ganinsa."

Ni kaina na ce a raina, yau kam Ya'u ya fita kunya. Malam ya buɗe baki zai fara magana, sai hoton ya tsaya cak. Bango ya yi tari sau biyu. Zanin gado ya koma zanin gado.

"Ina ya tafi?" in ji Iya. Hannunta na nan a sama. "Ya'u, ina ya tafi?"

"Hutawa take yi, Iya. Manyan na'urori haka suke."

Ya soka kara. Shiru. Ya sake sokawa da ƙarfi, karan ya karye a ciki. Wani siririn hayaƙi ya biyo ramin, da warin ƙonanniyar roba. Ya'u ya tuna da ilimin da ya ba shi suna, ya ja da baya ya kai wa bango mari. Ya yi tsalle yana yarfe hannu, don bangon ya yi zafin tanda.

"Yaya," in ji Radiya, "filash ɗin yana ina?"

Ya'u ya nuna bango da haɓa.

Iya ta koma ta zauna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Nan dariyar da wasu suka fara ƙunshewa ta mutu. Aka kashe janareta, aka ruga aka kira Bahago.

Ya zo da gatarinsa, ya dubi bangon da aka kwana huɗu ana shayarwa, ya ce kowa ya matsa. Sara ɗaya ya yi. Yaɓen ya zube, alkuki ya zube, tafin hannun da Ya'u ya ce bango ne shi ma ya bi su. Da ƙura ta lafa, sai ga Hajiya Sailuba tsaye a ɗakinta, ta shigo ɗaukar carbi, tana kallon mutum arba'in suna kallonta. A tsakaninmu ga akwatin ƙarfe yana hayaƙi, lasifika ta faɗo kan gadonta.

Ta dubi lasifikar, ta dubi Ya'u. Ta daɗe tana dubansa.

"Zafin bazara," in ji ta.

"Hajiya, a ilimance..."

"Rufe min baki! Kwana biyu sauro na cina a tsakar gida. Waina kwano biyu! Kai har tara ka ci, ina kallonka!"

"Ai ladan ya isa ga Malam, Hajiya. Kuma ki duba yadda iska take shigo miki yanzu. Ɗakin nan da ma taga yake nema."

Ta sunkuya ta ɗauki takalmi. Sai idonta ya sauka kan Iya, wadda ko ɗagowa ba ta yi ba. Takalmin ya koma ƙasa. Radiya ta riga ta naɗe hannu da tsumma ta zaro filash daga bayan akwatin. Robar jikinsa ta lanƙwashe, ta yi baƙi a gefe.

"Bahago," in ji Hajiya Sailuba, "tunda sun buɗe min ƙofa, karɓi nan."

Ta ciro talabijin ɗinta ta miƙo ta ramin. Talabijin ɗin aro ya shigo ɗakin Malam Ja'afaru ta hanyar da Injiniya ya fasa da kansa. Aka ɗora shi a kan turmi, aka tayar da janareta, Radiya ta soka filash tana addu'a. Ya ɗan yi jinkiri, har na ji wani yana cewa ya ƙone. Sai ga Malam.

Aka matso da kujerar Iya har gwiwarta na taɓa turmin. Wannan karon muryar ta fito sarai. Malam ya yi sallama, Iya ta amsa masa da ƙarfi. Ya yi wa ɗalibai nasiha, ya yi addu'a, ɗaki na cewa amin. Hajiya Sailuba ta jawo kujera ta zauna a nata ɓangaren tana kallo ta rami.

Can tsakiyar addu'a, sai lasifikar cikin bidiyon ta yi wata ƙara mai tsinka kunne. Mai ɗauka ya juya. Ga wani a durƙushe gaban na'urar sauti, ya cusa hannu cikin wayoyi. Ya fi na yanzu rama, amma hular ce, ƙeyar ce. Malam ya sauke hannuwansa, ya juyo.

"Ya'u! Tashi daga nan. Abin yana aikinsa lafiya, wa ya sa ka? Kai duk abin da ka taɓa sai an kira mai gyara."

Soron ya kusa rushewa karo na biyu. Bahago ya zauna a kan tarin ƙasa yana riƙe ciki. Hajiya Sailuba tana buga cinya tana cewa a sake soya waina. Iya kuwa dariya take hawaye na zuba, ta kai yatsa ta shafa gemun Malam a jikin gilashi.

"Shi ne," in ji ta. "Haka yake faɗa. A maimaita min wajen nan."

Ya'u ya gyara babbar riga, ya matso, ya miƙa hannu zai ɗauki rimot.

Iya ta ɗora tafinta a kai, ba ta ko waiwayo ba.

"Ba kai ba. Ka ji abin da mahaifinka ya ce."